Shagon hoton da ya raba ni da farar shadda mai ruwan toka

Ni ƴar kasuwa ce, ba mai ɗaukar hoto ba, gara in faɗa tun da wuri. Shadda nake sayarwa da galila da leshi a cikin gida, nan unguwar Zariya ta Maradi, kuma fiye da rabin cinikina ta WhatsApp yake shigowa. Mace tana Tasawa ko Dakwaro ko Yamai, ta ga hoto, ta ce a yanka mata mita biyar, in kai tasha in ba direba. Duk wadda ta taɓa wannan sana'a ta san inda gizo ke saƙa. Farar shadda tas, mai ɗaukar ido, kina ɗaukarta sai ta fito kamar an wanke ta da ruwan toka. Baƙa wuluk kuwa ta fito a koɗe, kamar wadda aka manta a kan igiya tun damina. Akwai ranar da wata ta matsa mini lamba sai na aika mata "mai ruwan tokar nan". Na rantse mata ba ni da irinta. Da ta maido mini hoton da na saka, ashe farata ce.

Ƙanena mai zirga-zirgar Kwatano ya ji ƙorafin ya ishe shi, ya kawo mini kyamara ta hannu, Canon EOS 600D, ƙirar 2011, megafiksel 18, da idonta, wato gilashin gabanta, mai lamba 18-55. Wata takwas tana hannuna a kan koren alamar nan ta A+, inda ita ke yanke komai da kanta. Farar shadda ta ci gaba da fitowa toka. Har na fara cewa an damfari yaron.

Maƙwabciyata ce ta ce akwai wani dattijo mai shagon hoto bayan Babbar Kasuwa, yana koya wa mutane saita kyamara. Ba zan ambaci sunan shagon ba, domin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, shi kuma sa'an mahaifina ne. Wurin bai kai ɗakin girkina ba: shuɗin labule a bango na masu hoton katin ɗan ƙasa, benci ɗaya, kwamfuta da firinta da wani yaro da ke zaune gabansu, sai kwaba mai gilashi cike da tsofaffin kyamarorin fim da ƙura ta rufe. Zama huɗu ne, awa biyu-biyu, jikka goma sha biyar, wato sefa 15,000, har da busa wa kyamarar ƙurar ciki. Sharaɗinsa ɗaya: in zo da abin da nake ɗauka, kada in zo hannu rabbana.

Zaman farko shi kaɗai ya biya kuɗin, don haka a nan zan daɗe. Na je da yanki uku, fara da baƙa da wata mai ruwan ƙasa. Ya shimfiɗa su a kan benci a bakin ƙofa, ya ce in matsa kusa har kowane yanki ya cika hoton shi kaɗai, in ɗauka ɗaya bayan ɗaya yadda na saba. Na ɗauka. Ya jera hotunan uku a kwamfuta. Wallahi in ba don zanen jikinsu ba, da ƙyar za ki ce ga fara ga baƙa. Duk sun taru a tsakiya, kamar ƴaƴan uwa ɗaya.

Na ce, "Alhaji, ashe dai ta lalace."

Ya ce, "Lafiyarta lau, Hajiya. Ita ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba. Haske kawai take aunawa. Kin nuna mata fari, ta ce hasken ya yi yawa, ta rage. Kin nuna mata baƙi, ta ce wurin da duhu, ta ƙara. So take komai ya dawo toka-toka."

Ya jawo wani kwali mai ruwan toka daga aljihun tebur, gefensa duk ya cinye. Ya ce ma'aunin cikin kyamara an gina shi ne a kan launi irin na kwalin nan, mai maido da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In hoto gauraye yake, ga sama ga ƙasa ga mutane, lissafin yakan faɗa daidai. In kuwa fari ne ya cika shi, ko baƙi, dole ke ki gaya mata. A kan A+ kuma ba ta karɓar magana. Ya murɗa mini ita zuwa Av, ya nuna mini wani ɗan maɓalli a baya mai rubutun Av da alamar ƙari da ragi. A danne shi da babban yatsa, manuniya kuma ta juya ƴar tayar da ke bayan maɓallin ɗauka. Kowane ƙas kashi ɗaya ne cikin uku na mataki, ƙas uku mataki guda, mataki guda kuwa ninkin haske ne.

Na yi ƙas uku zuwa dama. Shaddar ta washe. Na yi biyar, sai ga farata yadda take a hannu, har furannin saƙar jikinta suna nan raɗau. Daɗi ya kwashe ni na ƙara biyu, ya bar ni na ɗauka, sannan ya ce in nemo masa furen. Babu. Fari fat kamar takarda. Ya ce wannan shi ake kira hoto ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba yaron da zai maido shi a kwamfuta. Baƙar kuwa ƙas huɗu zuwa hagu ta nema kafin ta koma baƙarta.

Daga nan ya hana ni yarda da allon bayan kyamara. A rana hoto yakan yi kamar ya yi duhu, a ɗaki da dare ya yi kamar ya yi haske, alhali hoto ɗaya ne. Ya ce in danna INFO lokacin duba hoto har wani zane mai kama da tudun rairayi ya fito, histogiram kenan. Hagu duhu, dama haske. Farar shadda tudunta ya kamata ya kwanta can dama amma kada ya jingina da bango. In ya jingina, wurin da ya ƙone zai riƙa ƙifta baƙi-baƙi a ƙaramin hoton da ke gefe. Shadda mai maiƙo wadda ta sha bugu ba a rasa ɗan ƙifta a kan ƙarin ninki, wannan ba komai. Idan faɗin jikin ne ke ƙiftawa, a rage.

Na koma gida ranar ina jin haushin watannin nan takwas.

Zama na biyu na lambobi ne, kuma da ya bi hanyar malaman lakwal da na tsere. Sai ya kawo mini misalin ƴan awo. Ya ce hoto tiya ce da ake son cikawa da gero daga buhu, ba gibi ba tozon da zai zube. Abu uku ne ke hannun mai awo: faɗin bakin buhun, tsawon lokacin da zai karkata shi, da girman tiyar. Bakin buhu shi ne ƙofar haske da ke cikin idon kyamara, mai lambar f. Karkatawa ita ce ƙiftawar kyamara, shi yana ce mata "bites" da Faransancinsa. Tiya kuma ISO ce, wadda har yau yake kira "asa" tun zamanin fim. In kin ɗaga ISO kamar kin sauya ƙaramar tiya ce, nan da nan ta cika, amma geron da tsakuwa: hoton ya yi yashi-yashi.

Lambar f ce ta ba ni wahala, domin a juye take. Ƙaramar lamba babbar ƙofa, babbar lamba ƙaramar ƙofa. Ya sa na haddace jerin kamar karatun allo: 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Daga kowace zuwa ta gaba haske ya ragu da rabi. Ƙiftawa ta fi sauƙi, 1/125 zuwa 1/250 rabi ne, kowa ya gani. ISO ma 100, 200, 400, 800, ninki-ninki. In kin rage mataki a nan, ki biya shi a can. Abin da ya sa ba a barin lissafin ga kyamara shi ne kowanne da abin da yake yi wa hoto bayan haske. Babbar ƙofa tana narkar da bayan abu, ƙarama tana fito da gaba da baya. Ni da nake shimfiɗa yadi in ɗauke shi a karkace, f/8 ya ba ni, don kada bakin ya fito ƙarshen ya yi dishi-dishi. Idona na 18-55 kuma ya nuna mini iyakarsa: a 18 yana buɗewa har f/3.5, in na jawo abu kusa zuwa 55 ba ya wuce f/5.6.

Zama na uku waje muka fita, da ɗana yana riƙe mini jaka, wajen ƴan awaki da hantsi. Tun kafin in kunna kyamara ya ce zai faɗi saitin da ka: ISO 100, f/16, ƙiftawa 1/100. Tsohuwar ƙa'idar ƴan fim ce, in rana ta fito tarwai a sa f/16, ƙiftawa kuma ta bi lambar ISO. Muka gwada, ya zo daidai. Daga ita ake sauka: f/11 da 1/200, f/8 da 1/400, f/5.6 da 1/800, duk haske ɗaya ne. Ya ce da hunturu in hazo ya rufe gari a buɗe mataki ɗaya ko fiye, gwargwadon kaurinsa. Akuya ba ta tsayawa a yi mata hoto, saboda haka 1/400 muka zaɓa, kuma jar akuyar Maradi a kan farin rairayi gwaji ce mai kyau, don rairayin yana ruɗin ma'auni kamar yadda shaddata ke yi. Akuyar ta fito baƙi-baƙi har sai da na ƙara ƙas biyu.

A nan ne muka zo kan matsalar da kowane mai hoton biki a garin nan ya sani. Wani dillali, baƙin mutum, cikin farar riga da malafa, rana tsaka a kansa. In na gyara wa fuska, rigar ta ƙone. In na ceci rigar, fuskar ta zama inuwa, sai haƙora. Alhaji ya nuna mini awon tabo, wanda ke duba ɗan da'irar tsakiya kaɗai, kusan kashi 4 cikin 100 na abin da ido ke gani, da maɓallin tauraro mai kulle awon kafin a gyara tsayuwa. Amma bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Ɗiyata, ba lambar da za ta sulhunta wannan fuska da wannan riga a wannan rana. Ko ki roƙe shi ya shiga inuwar rumfa, ko ki tada fitila." Fitila da rana tsaka! Na ɗauka wasa yake. Ya saita f/11 da 1/200, domin ƙaramar fitilar kan kyamarar ba ta aiki da ƙiftawar da ta fi 1/200 sauri, ya matsa kamar taku uku daga mutumin ya ɗauka. Rigar ba ta ƙone ba, fuskar ta fito har tsagen kumatunsa. Dillalin da ya gani sai da ya ce a wanko masa.

Na huɗu na cikin ɗaki ne da dare, kuma an yi shi a gurguje. Na dai tsira da abu uku. Kada ƙiftawa ta yi ƙasa da 1/100 in idon yana kan 55 kuma a hannu nake riƙe da ita. Na'urar hana rawar hannu da ke jikin idon tana taimaka wa hannuna ne kawai, ba ta tsayar da yaron da ke gudu. Na biyu, kuran ɗinmu yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙarƙashin dogon ƙwan neyon, in ƙiftawa ta yi sauri, hoto ɗaya ya fito kore-kore na gaba ya fito ja-ja. 1/50 ko 1/100 ke maganinsa. Na uku, kada in ji tsoron ISO 1600. Kyamarar tana kaiwa 6400, amma a can yashin yana cinye saƙar yadi.

To, yanzu ƙorafi.

Awa biyun nan a baki take. Ana cikin bayani sai ga mai son hoton kati, ya miƙe, ya gyara masa wuyan riga, ya ɗauka, su tsaya gaisuwa. Ranar Litinin na yi kuskuren zuwa, ranar kasuwa, ban samu minti arba'in cikakku ba. Wanda zai je ya guji Litinin da Juma'a. Sau ɗaya kuma kuran ya ɗauke, kwamfuta ta mutu, ba inji, muka tashi. Ba takarda ko ɗaya da ake ba mutum, abin da kika riƙe a ka ko kika rubuta da kanki shi ne naki, ga kalmomin Faransanci da yake jefawa kamar kowa ya yi lakwal. Benci ɗaya ne, in maza sun cika shi sai dai mace ta tsaya a bakin ƙofa.

Wanda ya fi ci mini rai yaron shagon ne. Ranar busa ƙura na bar masa kyamarar da katin ajiyar hotuna a ciki, na tafi sallar La'asar a wani gida kusa. Na dawo ya goge katin kaf, wai don ta yi sauri. Hotunan sunan jikar yayata suna ciki, ban kwashe ba. Alhaji ya yi masa faɗa a gabana, ya ba ni haƙuri har sau uku, suka sa wata manhaja ta tono kusan rabi. Sauran sun tafi. Duk mai kai kyamara wurin, ko wani wuri ma, ta zare katinta ta ƙulle a bakin zane.

Akwai kuma inda na saɓa masa a karatun kansa. Shi a wurinsa in ba a kan M kake ba, inda kai ke saita ukun duka, to ba ka fara hoto ba. Na gane dalilinsa, mutum ne da ya yi shekaru da fim mai ɗauka 36, kowane kuskure kuɗi ne. Amma ni ga yadi ashirin a gabana, gajimare na wucewa, mai saye na jira. Av ta ishe ni: in kafa f/8 da ISO, ita ta nemo ƙiftawa, ni in ƙara ko in rage. Na taɓa gwada M da ISO mai sarrafa kanta, sai na tarar a wannan ƙirar ba hanyar ƙari da ragi a haka, na koma inda na fito. M nake shiga kawai in na jera kaya a zaure ɗaya, haske ɗaya, don fara da baƙa su fito da awo guda. A nan kam gaskiyarsa ce, saiti ɗaya ya wadatar, ba ƙas ko ɗaya.

Ya yi ta tallata mini wani ido mai lamba 50, mai buɗewa har f/1.8. Ba ƙarya a yabonsa, hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na f/5.6 sau goma, na gwada a shagon na gani. Sai dai a f/1.8 aikin wuyan riga ya fito, aljihu ya narke. Mai hoton amare ne ke buƙatarsa, ba mai sayar da yadi ba. Kuɗin da ya faɗa ma ya yi mini tsauri ga abin hannu. Na ce sai wani jiƙon, bai ɓata rai ba.

Kuskure ɗaya nawa ne ni kaɗai, kuma ya gargaɗe ni. Ƙarin nan ba ya komawa sifili don an kashe kyamara. Jajibirin Sallah na ɗauki fararen kaya da ƙas biyar, na ajiye. Washegari muka je kallon hawa ƙofar Sarki, na yi ta ɗaukar dawaki ina murna. Da na duba a gida, rawuna da alkyabbu duk sun ƙone, mahaya kamar aljanu. Yanzu kafin in cire murfin ido sai na leƙa ƴar alamar nan in ga tana tsakiya.

Wa zan tura wurinsa? Wadda take da kyamara a ajiye a kan kore tana zargin an cuce ta, da ƴan kasuwa irina, da samarin da ke fara bin bukukuwa. Mai son aikin bidiyo ko gyaran hoto a kwamfuta ya nemi wani wuri, Alhaji ba ya ko son jin maganar RAW, ɗanyen hoton da ake gyarawa a kwamfuta, wai cika kati ne kawai. Mai gajen haƙuri ma kada ya je.

Abin da aka bar ni da shi a rataye shi ne launi. Saitin fari, wanda ke hana hoto yin ruwan ɗorawa ko shuɗi, minti biyar ya ba shi a zama na ƙarshe. Yaron nan mai goge kati, shi ne daga baya ya nuna mini yadda ake ɗaukar farar takarda a hasken wurin a ce wa kyamara ga fari, kuma ya rage mini matsala sosai, har na ɗan huce da shi. Amma akwai wata galila mai ruwan makuba da ta zo mini daga Bamako, mita goma, wadda duk yadda na yi shuɗiya take fitowa. Mata uku sun tambaye ni "shuɗiyar nan". Na kira Alhaji, ya ce in kawo ta ranar Laraba da hantsi, kada in biya komai, in kuma taho da katin da ba kowa a ciki.